Kwamfutar da Na Haɗa wa Dikko Direba

A duk shekarun da na yi a sana'ar nan, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata cikin damina, shekara biyu ke nan, da Malam Sada ya shigo shagonmu na Kankia yana kakkaɓe ruwa daga rigarsa. Ku da kuka zo daga baya ba ku san shi ba. Malamin Islamiyya ne a Kaikai, can ƙasar Kusada, mutum mai sanyin murya, sai ka matso kafin ka ji abin da yake faɗi. Lokacin ni ne babban mai gyara, Alhaji Mamman mai shago ne kaɗai a sama da ni, kuma duk aikin haɗa sabuwar kwamfuta a hannuna yake. In gaya muku gaskiya, kaina a kumbure yake. Ana kirana Injiniya, ni ma na yarda ni Injiniya ne.

Malam Sada ya ce saboda ƙaninsa Dikko ya zo. Dikko direban babbar mota ne, ya yi hatsari, ƙashin bayansa ya karye. Kusan shekara yana kwance, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Wata rana ya ga bidiyo a waya, wani mutum ya sa irin tabaran nan da ke rufe ido gaba ɗaya, ya riƙe sitiyari yana tuƙa tirela a cikin wasan kwamfuta, in ya waiga hagu ya ga madubi, in ya waiga dama ya ga daji yana wucewa. Tun daga ranar ba shi da wata magana. 'Yan'uwansa direbobi suka ce su za su ɗauki nauyin komai.

"Abin da yake so kawai ya sake ganin kwalta a gabansa," in ji Malam Sada. "Amma a yi ta ƙarama, Injiniya. Ana yawan kawo shi asibiti, kuma matarsa ce za ta riƙa ɗagawa."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya zo gidan abin.

Ga waɗanda ba su taɓa irin aikin ba, kwamfutar wannan tabarau ba irin ta buga takarda ba ce. Hoto biyu take zanawa lokaci guda, ɗaya ga kowane ido, kuma in ta yi jinkiri ko da ƙiftawar ido, mai sanye da tabaran zai ji jiri, zuciyarsa ta tashi. Mai lafiya ma ba ya jurewa, balle wanda ke kwance. Saboda haka daga katin hoto ake fara zaɓe, shi ne wanda muke kira girafik, sauran kaya su bi bayansa. Na zaɓi ƙaramin bod, wato allon da ake jona komai a kansa, da firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, mara cin wuta sosai don da sola ake amfani a gidansu, da fanka mai kwanciya don akwatin ba shi da tsayi. Akwatin kansa bai fi kwalin taliya ba, har da mariƙi a sama. Totur da birki kuwa, tunda ƙafa ba ta aiki, na mayar da su kan maɓallan da ke bayan sitiyari.

Kwana tara kaya suka iso daga Kano. Na shimfiɗa su a kan tebur, na jona wayoyi, na kunna, na sa tabaran. Wallahi sai da na saki sitiyarin na dafe kujera, don na ga tirela ta nufo ni. Komai ya yi daidai. Da na zo sakawa a akwati, sai katin hoton ya ƙi shiga. Ya fi akwatin tsawo da kamar yatsa biyu, murfi ba ya rufuwa. Laifina ne, katin kaɗai na auna, na manta wayar wuta tana cin wuri a ƙarshensa.

Alhaji Mamman ya leƙo ya gani. Ya nuna wani tsohon babban akwati da ke ƙarƙashin kanta, ya ce, "Nura, zuba su a wancan ka kai mashi yau. In gajeren katin ya samu sai ka canza."

"Haba Alhaji, wannan mai tsatsar? Ƙarama aka ce. In aka gan shi a Kusada aka ce aikina ne, ina zan sa kaina?"

"Mara lafiya ne fa."

"Mako ɗaya ne, Alhaji."

Ya juya ya koma bakin kanta. Ya san halina, in na kafe sai dai a bar ni.

Na mayar da dogon katin, na ce a nemo mini gajere mai ƙarfi irinsa. Wanda aka fara aikowa gajere ne amma rago, na gwada na ji jiri, na mayar. Na biyu yana da ƙarfi, amma cikin rufaffen akwati sai ya yi zafi kamar dutsen guga, na mayar. Mako ɗaya ya zama uku. Malam Sada ya zo sau biyu a kan babur ɗinsa. Ba ya taɓa cewa in yi sauri, sai dai ya gaishe ni, ya tsaya yana kallon teburin, ya ce Allah ya taimaka. Ni kuma in tambayi mai jiki ina ɗaure noti, ko ɗago kai ba na yi. Daga nan zuwa Kaikai ba wata tafiya ba ce, amma ban taɓa zuwa dubiya ba. Ban taɓa ganin fuskar mutumin da nake yi wa aikin ba.

Sau ɗaya ya kira ni da kansa. Muryarsa a shaƙe, amma da dariya a ciki.

"Injiniya, Dikko ne. Yaushe za a ba ni makullin mota? Lodi na jira."

Na ce, "Direba, ƙara haƙuri kaɗan. Ba na so in ba ka motar da za ta tsaya maka a hanya."

Ya ce, "Ni ko akwala ce zan tuƙa."

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake.

A mako na biyar katin da nake nema ya iso, ranar Laraba. Ya zauna ɗaf kamar don akwatin aka ƙera shi. Na rufe, na gwada awa uku, babu zafi, babu jiri. Na kira Malam Sada na ce gobe ina tafe. Ya ce Allah ya kai mu.

Alhamis da hantsi na ɗaure kwali biyu a bayan babur na kama hanyar Kusada. Gero ya fara fitar da kai, ina tafe ina tsara yadda zan nuna masa maɓallin birki. Na tambayi gidan a bakin gari, wani dattijo ya dube ni ya dubi kwalayen, ya nuna mini da hannu. Ina shan kwana na ga tabarmi a ƙofar gida, maza zaune, takalma a jere. Ashe zazzaɓi ne ya taso wa Dikko daga gyambon kwanciya, ya rasu bayan sallar asuba. Kafin in iso har an dawo daga maƙabarta.

Na rasa yadda zan yi da kwalayen. In bar su a babur, in sauke, duk kunya. Na durƙusa na yi gaisuwa. Malam Sada ya kama hannuna ya ja ni gefe, wai shi ne ke ba ni haƙuri.

"Ka kammala ke nan," ya ce. "Allah ya saka da alheri. Kwanansa ne ya ƙare."

Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa tun ranar da ya koma gida ya ce an fara aiki, Dikko ya sa matarsa tana jera masa filo a baya kullum bayan la'asar, ana ɗaga shi ya zauna. Zaman yana yi masa ciwo har gumi ya jiƙa rigarsa, amma ya ce dole ya saba, kada mota ta zo ta tarar ba ya iya zama. Ya fara da minti biyu, ya kai kusan rabin awa. Jiya da aka gaya masa ina tafe, ya sa aka yi masa aski.

A gaban mutane na yi kuka, ni da ban yi ba ko a rasuwar mahaifina. Kwana ashirin da wani abu na riƙe wa mutumin nan abin da ya riga ya yi aiki, don kada a ce akwatina yana da tsatsa. Da na koma shago Alhaji Mamman bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya karɓi kwalayen ya ajiye, ya ce in tafi gida.

Shi ya sa kuke ganin ina takura muku da tambaya kafin ku taɓa sukudireba: wa zai yi amfani da ita, yana ina, wane hali yake ciki. Mutanenmu ba sa matsa wa mai sana'a, suna jin nauyi, za su tsaya a gabanka ransu yana ƙuna su ce Allah ya taimaka. Kai ne za ka tashi ka je ka gani da idonka. Aiki mai kyau ina sonsa har gobe, kuma duk wanda ya yi mini aikin banza zai ji bakina. Amma in na mara lafiya ne, ranar da ya kunnu ranar zai bar shagon nan, ko a kwali ne, gyaran fuska ya biyo baya. Kwamfutar da na haɗa wa Dikko ita ce mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, kuma ko minti ɗaya bai tuƙa ba.