Gyara Sau Uku

Shekaranjiya maƙwabciyata ta ɗora manja a wuta, ƙamshinsa ya tsallako katanga ya same ni zaune a tsakar gida. Ban san lokacin da na ajiye tsintar shinkafar da nake yi ba. Ƙamshin nan ya mai da ni unguwarmu ta Gwange a Yerwa, gaban wani ɗan kanti mai rufin kwano, ina 'yar firamare, riƙe da kwalba, ina roƙon Allah kada mai kantin ta dubi fuskata da kyau.

Bari in faɗa muku yadda aka yi na tsaya a wurin.

Babanmu direban babbar mota ne, yana ɗaukar gyaɗa daga Yerwa zuwa Jos. Wata shekara, ana gab da faɗuwar damina, motar ta kife da shi a hanya, aka kawo shi gida da karaya a cinya. Mai ɗori ya ce sai ya yi watanni a kwance. Innarmu kuwa tana cikin jego. Sai cefanen gida ya koma hannun kakarmu, mahaifiyar babanmu, wata gajeriyar tsohuwa da ta zo daga ƙasar Kano tun tana amarya, har Barbarci ya zauna a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya.

Kaka ta ɗaure gidan nan tamau. Fitilu uku muke kunnawa da, ta mai da su ɗaya, a ɗakin mai jego. Sandar sabulu da zare take yanka ta, kowa da ɗan yankinsa, tukwane kuma sai dai toka. Mai ga-ruwa ya daina shigo mana kullum. Da hadari ya haɗo za ta jera tuluna da garewani a bakin indararo. Ruwan da aka wanke hatsi da shi na akuya ne, wanda aka ɗauraye kaya da shi na yayyafa wa tsakar gida. Kasuwar Litinin ba ta zuwa sai rana ta yi sanyi, lokacin da masu tumatir suka ƙosa su tashi, kuma ba ta sayen bandar kifi gudansa, sai ɓurɓushin da ya taru a gindin kwando. Miyarta ta kuka ba ta taɓa rasa ɗanɗano ba, wannan kam in ban faɗa ba na zalunce ta.

A bakin layinmu, ƙarƙashin wata darbejiya, akwai kantin wata mata 'yar ƙabilar Ibo. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, Hausarta a karye amma babu abin da ba ta iya faɗa da ita. Tana sayar da manja da gishiri da wake da kananzir da ashana. Abin da ya sa mata suka fi son kantinta shi ne gyara. Ko na kwabo ka saya, sai ta ƙara maka: ta ɗan karkata ludayin manja, ko ta cika tafinta da gishiri ta watsa a kwanonka, tana cewa, "Gobe ma a dawo."

Kaka ta lura gyaran ba ya bin yawan abin da aka saya, yawan masu saye yake bi. Daga nan ta raba cefanen gida uku. Ita ta je da ƙwaryarta, ƙanena ya bi bayanta da gwangwani, ni kuma in zagaya ta bayan masallaci in ɓullo daga wancan gefen da kwalbata, kamar daga wata unguwa nake. Ta sake mini ɗaurin ɗankwali, ta ce in yi gaisuwa da Barbarci.

"In kin tarar da ni a can," in ji ta, "ba ki san ni ba, ban san ki ba."

Haka muka yi ta yi tsawon damina. In ce "Wushe," matar ta amsa da fara'a, ta auna, ta ƙara. Duk sanda ludayin nan ya karkata sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Kuɗinmu muke biya, ba mu ɗauki na kowa ba, amma ban taɓa barin wurin ina kallon sama ba.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, layi duk taɓo. Na ɓullo ta bayan masallaci na tarar Kaka ba ta riga ta tafi ba, an auna mata wake tana ɗaure bakin zanenta. Mata uku ko huɗu na jira. Na raɓe gefe, na kafa ido a kan tulin ashana. Kaka ta ɗora ƙwaryar a ka, ta sauko daga dakalin kantin, sai santsi ya kwashe ta. Ta faɗi a kan gwiwa da hannu ɗaya, ƙwaryar ta dare biyu, waken ya watse cikin taɓo.

Matan suka ɗauki salati. Ni kuwa ina tsaye. Ƙafata ta so ta motsa, maganar Kaka ta riƙe ta. Ina ganin tsohuwar da ta goya ni, zanenta ya ɓaci, gwiwarta na tsattsafo da jini, ta fara tsintar wake ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a ɓarin ƙwarya, ni kuma na ƙanƙame kwalba ina kallon ashana kamar baƙuwa.

Mai kantin ce ta fito da sauri ta kama ta ta zaunar da ita a dakali. Ta durƙusa da kanta cikin taɓon tana kwasar waken. Can ta ɗago, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Yarinya, zo ki taya kakarki."

Da Hausa ta faɗa, ba da Barbarci ba. Duk matan suka juyo suka dube ni. Na ajiye kwalbar na durƙusa, hawaye na ɗiga a kan waken.

A hanyar gida Kaka na ɗingishi, ta dafa kafaɗata. Haka muka kai ƙofar zaure. Sannan ta ce, a hankali, "Cewa na yi kada ki san ni a kanti, 'yar nan. Ban ce har a ƙasa ba." Ta ƙara da cewa, "Amma ni na koya miki." Ban san wanne ya fi yi mini ciwo ba a cikin biyun.

Washegari ta sa zanenta na zuwa suna, ta haɗa gwangwani da kwalba da sabuwar ƙwarya a faifai guda, ta riƙe hannuna da na ƙanena muka bi ta tsakiyar layi. Ta tsaya gaban matar ta ce, "Waɗannan jikokina ne. Gidanmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya."

Matar ta yi dariya har da dafa cinya. "Mama, na sani tun tuni. Goshinku iri ɗaya. Kuma ɗanki direba ya sha kawo mini kaya daga Jos, ya jikin nasa?" Ta auna, ta cika tafinta sau uku ta zuba. Kaka ta sunkuyar da kai, ta karɓa, don gidan yana bukata. Ban taɓa ganin ta ƙanƙance haka ba.

Babanmu ya miƙe bayan an yi girbi, ya koma mota, fitilu suka koma uku. Daga ranar Kaka ba ta sake sayen manja a wani wuri ba, ko da an ce ya fi araha a kasuwa, kuma in matar ta kai hannu za ta yi gyara sai ta rufe bakin kwanon da tafinta. Haka suka yi ta wannan 'yar kokawa suna dariya, har shekarar da hankula suka tashi 'yan Kudu suka kwashe suka koma gida. Muka wayi gari kantin a kulle. Ba mu yi sallama ba, ba mu ma san sunan garinsu ba.

Yanzu jikata tana da wani ɗan kati na babban kanti. Duk sayayyar da ta yi sai a goga shi a na'ura, maki ya taru, wata rana a rage mata kuɗi. Ba ta jin kunyar miƙa shi, kuma ba ta da dalilin ji. Wanda ke zaune a bayan na'urar bai san gidansu ba, bai san ko wani na kwance a ciki ba. Ranar nan ta raka ni kasuwa, aka auna mini gero, na biya na ɗauka. Ta ce, "Kaka, ba ki ce a gyara ba." Na ce mata mu tafi, rana tana yi. Shekaruna sun kai inda suka kai, amma kalmar nan har yau ba ta iya fita daga bakina.