Ranar da Mai Guduma Ya Lotsa Ƙarfe

Shekara arba'in Mai Guduma ya yi yana gyaran jikin mota. A kawo masa ƙofar da ta lotse kamar gwangwanin da aka taka, ya shafa ta da tafin hannu, ya yi ta ƙwanƙwasa har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Bawan Allahn nan ko cokali ya gani a lanƙwashe, abinci ba ya shiga sai ya miƙe shi.

Da suka koma wani ɗaki a ƙasan bene, matarsa ta taho da tsiron lemun tsami a bokiti. Irin bishiyar mahaifiyarta ne, ita kuwa bishiyar an sare ta bayan rasuwar tsohuwar. Iyakar abin da ya rage mata ke nan. Tagar ɗakin bango take kallo, rana ba ta leƙowa. Suka rataya wa tsiron ƙwan lantarki, amma ganyen ƙasa suka yi ta rawaya suna zubewa.

"Bango ne ke shanye rabin hasken," in ji shi. Ya yanko fallen alminiyam, ya daidaita, ya goge shi ƙal kamar madubi, ya lanƙwasa shi bayan bokitin. Aiki dai ya yi kyau. Cikin kwana huɗu hasken ya taru wuri guda, ya ƙone ganye biyu. Saura uku.

Abin ya ci masa rai. Yana zaune jugum sai idonsa ya kai kan tsohon murfin tukunyarta, wanda ya sha roƙonta ta bari ya gyara. Duk lotsa ne, amma hasken da ya faɗa masa ya bazu ko'ina, mai laushi, har ƙarƙashin tebur.

Ya ɗauko guduma, ya ciro fallen alminiyam ɗin, ya hau ƙwanƙwasa shi.

"Malam, lafiya? Ɓatawa fa kake yi," in ji matar.

"Na sani," ya ce.

Ya bi fallen nan kaf da ƙananan lotsa, ya mayar. Haske ya kewaye tsiron, sama da ƙasa.

Bayan sati biyu ta kira shi da sassafe. Wani ɗan toho ne ya fito can ƙasa, kore shar, bai kai farce ba. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo, mamaki ya cika shi.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Murfin nan naki, kar ki bari kowa ya taɓa shi. Har ni."