Kawu Labbo da Littafinsa na Albasa

Duk wanda ya san Kawu Labbo ya san ba a yi masa sallama bai ce, "Lafiya dai? Mi na yi?" ba. Malamin gona ne a Aliero, ko kazar wani bai taɓa takawa ba, amma kullum kamar mai jiran sammaci.

Tun da aka ba mu jihar Kebbi yake rubuta littafi kan noman albasa da ajiyarta. Bayan ya yi ritaya, ni 'yar ƙanwarsa na sa masa shi a wani shagon littattafai na intanet. Ba a jima ba suka cire shi, wai ya saɓa ƙa'ida.

"Wace ƙa'ida, ɗiyata?"

"Ba su faɗa ba, Kawu."

"To sun san abin da na yi ke nan. Ni ɗai ne ban sani ba."

Abinci ya gagare shi. Ya bi littafin layi-layi, har ya tarar da inda ya rubuta cewa albasar Maiyama ba ta jure ajiya. Ya hau babur sai Maiyama, ya ba tsohon abokinsa Malam Garba haƙuri.

"Wane littafi?" in ji Malam Garba.

Kawu ya karanta masa wurin. Malam Garba ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwarsa.

Daga nan ya zargi kalmar "kashe ƙwari". Ya ce zamanin ga ba a son zancen kisa, ya sa na mayar da ita "a sallami ƙwari". Muka sake sawa, suka sake cirewa.

Ran nan sai ga shi ƙofar gidanmu a Jega, da babbar riga da buhun albasa a bayan babur.

"Kai ni wurin mai shagon in roƙe shi."

"Kawu, ba ya da ƙofa. Wataƙila ma na'ura ce ta cire."

Ya share gumi. "To wa ya kai mata ƙarata? Garba ne."

Ko a ciwon ajalinsa, da na duƙa gaishe shi, sai ya ce, "Sun faɗi laifin nawa?" Na ce a'a.

"In sun faɗi bayan raina, ki ba su haƙuri."

Har yau ba su faɗa ba. Ya Allah, Kai da ba ka kama bawa da laifin da bai sani ba, ka kwantar wa Kawu Labbo da hankali a kabarinsa. Amin.