Askin Bawa Wanzami

Har gobe ba ni mantawa da ranar da na maida Bawa wanzami gida. Zamanin Turawa ne, ina diresa a asibitin En'e na Isa. Diresa shi ke wanke gyambo da ba da magani, ba likita ba ne.

Bawa mutumin Tozai ne. Zazzaɓi ya kwantar da shi da bazara, ya tashi yana surutai, ko matarsa Hajo bai ganewa. Anka kai shi Sakkwato, inda ake ajiye masu taɓin hankali. Da kaka ya dawo hayyacinsa, anka aike ni ɗauko shi, don ba a sallamar irinsu sai da ɗan rakiya.

A Sakkwato na tambayi likita Bature ta bakin tafinta, "Ranka ya daɗe, mi za ni ce wa danginsa?"

Ya ce, "Wataƙila ragowar sanƙarau ce, wataƙila farfaɗiya, wataƙila ciwon hankali mai tafiya ya dawo. Ban sani ba. Kada ka ce musu na sani."

Da munka isa Tozai, maza sunka taru ƙofar mai gari, kawuna duk suma, don babu wani wanzami a garin. Mai gari ya ce, "Malam, ya warke?" Na faɗa musu maganar likita yadda take. 

Sai Mamman, wani falke mai kai kaya Maraɗi, ya ce, "To kai, ka yarda shi ɗora maka aska a wuya?"

Na tuɓe hula na zauna. Hajo ta aiko da zabirar kayan askinsa. Bawa ya jiƙa kaina, ya duƙo ya ce a hankali, "Malam, jikinka na rawa. Ni ma tsoro nike ji. Mu bi sannu."

Ya gama ko ƙwarzane babu. Ya juya ga jama'a ya ce, "Ran da kunka ji na fara surutai, ku amshe zabira ku ba Hajo." Mamman ya kwance rawani ya zauna.

Bayan wasu shekaru ciwon ya motsa. Sunka amshe zabira, sunka jira shi, sunka maida masa. Har Bawa ya rasu ba mu san sunan ciwonsa ba.

Ku masu tasowa, kada ku ji kunyar cewa ba ku sani ba. In kun faɗa wa mutane gaskiya, su da kansu za su san yadda za su riƙe ɗan'uwansu.