Gwangwani a wuyan Madam

Cikin duk shekarun da na yi da alli a hannu, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Talata a Akokan, shekara guda bayan an rufe ramin ma'adini. Ku sababbin malamai ku saurara, in dariya ta zo muku ku yi abinku, ni ma yanzu dariyar nake yi.

A lokacin ni 'yar kwantiragi ce, shekara bakwai ina koyarwa ba a tabbatar da ni a aiki ba. Ga wanda bai san tsarinmu ba, kafin a tabbatar da malami sai ya ci jarrabawar rubutu, sannan ansipekta, wato mai duba makarantu, ya zo har ajinsa ya zauna a baya, ya ga yadda yake ba da darasi, ya ba shi maki. Na riga na faɗi sau ɗaya. Na kuma yi wa kaina alkawari, in na sake faɗuwa zan tattara komatsaina in koma gida Damagaram, in bar wa masu iyawa aikinsu.

Ajina CM1 ne, aji na biyar. Akwai 'ya'yan direbobi da 'yan kasuwa daga Tawa da Maraɗi, akwai na tsofaffin ma'aikatan ma'adini, ga kuma 'ya'yan makiyaya da aka kawo daga wajen Gougaram. Darasin da zan bayar shi ne haƙƙin ɗan Adam. Mako biyu na yi ina ɗura musu kalmomin. Haƙƙi shi ne abin da yake naka don kawai kai mutum ne, ba don arzikin ubanka ba, kamar suna da magani da karatu. Daidaito shi ne doka ɗaya ga kowa, babba da yaro. Mutunci shi ne kada a wulaƙanta ka a gaban mutane. Sai 'yancin faɗar ra'ayi. Duk da Faransanci suka haddace, in na ɗaga sanda su rera gaba ɗaya har ajin maƙwabta suna ji.

To amma muna da wata al'ada da na gada daga malamaina, ana ce mata sambol. Namu tsohon gwangwanin kifi ne da aka huda aka zura masa igiya. Duk yaron da ya yi Hausa ko Tamajaq, harshen makiyayan nan, a aji maimakon Faransanci, a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda aka tashi yana wuyansa shi ke shara. Na san manya ba sa son ganin abin nan, don haka da safe na kira Rakiya, shugabar aji, wata 'yar direba mai ido a tsaye, na ce ta cusa shi cikin jakarta.

Ƙarfe tara ansipekta ya shigo tare da daraktanmu, wato shugaban makaranta, suka zauna a bencin ƙarshe. Na fara, yara suka rera ma'anoni babu tuntuɓe, har na soma jin daɗi. Sai ansipekta ya ɗaga hannu, ya ce da Faransanci: "Madalla. Wa zai ba ni misali ɗaya na mutunci, daga gida ko daga kasuwa?"

Wannan ba ya cikin abin da muka haddace. Na kalli masu ƙoƙarin aji, kowa ya sunkuyar da kai. Na ga ansipekta ya fara rubutu. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce da Hausa ba: "Haba, ku yi magana mana, don Allah!"

Sai na ji ƙarar gwangwani. Rakiya ce ta zuge jaka, ta taho har gaban allo tana riƙe da igiya hannu bibbiyu, ta ce da Faransancinta tsaf, don kada ita ma a kama ta: "Madam, doka ɗaya ga kowa, babba da yaro."

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Darakta yana ta ƙifta mini ido daga baya. In na kore ta, na ƙaryata abin da na rubuta a allo da hannuna. In na karɓa, na tona wa kaina asiri a gaban mai ba ni maki. Na ce a raina aikin dai ya riga ya tafi, kada in haɗa da ƙarya. Na duƙa, ta rataya mini.

Yara suka toshe baki suna ƙyaƙyatawa. Ansipekta ya taso, ya zo ya juya gwangwanin, ya tambaye ni da Hausa: "Madam, yaya kika ji da shi a wuya?"

Kafin in amsa, aji gaba ɗaya ya ɗauki "Iiii!" ana nuna shi da yatsa. Ya gane abin da ya yi, ya fashe da dariya, ya cire hularsa ya miƙo wuya. Ni da hannuna na rataya wa ansipekta gwangwanin kifi. Ya ce tunda yana wuyansa, kuma ba ya da niyyar ba kowa, yau kowa ya yi magana da harshen da ya ga dama.

Na amsa tambayarsa da gaskiya, na ce kunya na ji, kamar an tuɓe mini kallabi a kasuwa. Na juya ga yara na ce, to abin nan da na ji an taɓa, shi ne mutunci. Nan fa baki ya buɗe. Rakiya ta ce: "Madam, ran da munka tai likita, anka bar wata tsohuwa tsaye don ba ta jin Faransanci, wannan ma shi na?" Na ce shi ne, kuma sunansa wariya. Hannuwa suka tashi ko'ina.

Can sai Aghali ya ɗaga nasa, wani ɗan Gougaram da na ɗauka daƙiƙi ne, don tun farkon shekara ban ji muryarsa sau uku ba. Ya ce da Hausarsa ta koyo: "Madam, ni gwangwani kullum wuyana. In na yi shiru, ba ya zo. Shi ya sa na shiru." Mako biyu ina neman koya wa yaro 'yancin magana, ashe ni ce na rufe masa baki. Na tambayi aji ko a ci gaba da sambol ko a daina, aka ɗaga hannu. Mutum biyu kaɗai suka so a ci gaba, su ma don ba su taɓa shara ba ne.

A ofishin darakta ansipekta ya ajiye gwangwanin a kan tebur, fuskarsa ba wasa. Ya ce: "Kin san bai kamata in tarar da wannan a ajinki ba." Na ce na sani. Ya ce: "Rabin darasinki na farko hadda ce, ban ba ta komai ba. Da kin kori yarinyar nan, da a nan na rufe takardata. Kin duƙa, shi ya sa kika ci." Na fito, na zauna a gindin bango na yi kuka na yi dariya.

Abin da na koya shi ne, yara ba a allo suke karanta haƙƙi ba. Suna zuba ido ne su ga ko dokar da malami ya kafa za ta hau wuyansa shi ma. Aghali kuwa, kafin hutun ƙarshen shekara sai da na canja masa benci sau biyu saboda surutu, kuma ban taɓa jin daɗin tsawata wa yaro kamar yadda na ji nasa ba.