Tukunyar da Na Bari a Maraɗi

Yayata ce ta zaɓar mini tukunyar. A Maraɗi take aure, ni kuma ina Jibiya ina sayar da shinkafa da wake ga direbobi da 'yan dako. Tukwanen dalma na gaji da su. Ko yaya miya ta kwana a ciki sai ta yi baƙi, gindinsu kuma ya yi ta cinyewa har ya huje.

Da na je mata ziyara na yi ƙorafin, washegari ta ja ni kasuwa wurin masu kayan silba. Ni wadda ta fi ƙyalli na fara ɗauka. Yaya ta karɓe ta mayar.

"Wagga ta ado ce," in ji ta. "Ki ji ta, kamar gwangwani."

Ta ɗaga wata, ta ƙwanƙwasa gindin da zobenta, ta kara kunne. Ta girgiza hannuwan ko suna motsi, ta ɗora murfin ta juya shi ta ga ya zauna daram. Sai ta miƙo mini. Nauyinta ya kusa sa ni sakinta.

"Mai kaurin gindi ake nema. Ba ta kamu da wuri, ba ta tsatsa. Ita za ta ga jikokinki."

Kayana sun yi yawa ranar, ga goyo a baya. Muka bar ta a ɗakin Yaya, a kan wani direba maƙwabcinsu zai kawo mini ita idan zai shigo. Kafin ya shigo aka rufe iyaka.

Da farko tukunyar nake tambaya a waya. Daga baya na daina, don muryar Yaya ta sauya. Tana magana tana hutawa, tari na katse ta. In na matsa sai ta ce mura ce. Ɗiyarta ce ta faɗa mini gaskiya, cewa har asibiti sun kwanta. Tsakanina da Yaya tafiyar da ba ta kai a ce tafiya ba, amma ba hanya. Wasu na bi ta daji a kan babur. Maigidana ya ce ba da yawunsa ba, ga yaro a nono. Ciniki ma ya mutu, tunda motocin da nake ci da su sun tsaya. Watannin nan ba na son tuna su.

Bayan an buɗe hanya, direban ya aiko cewa zai shigo da saƙona. Na tafi Magama, bakin iyaka, da hantsi, na tsaya a inuwar wata rumfa ina kallon motoci suna wuce shingen kwastan ɗaya bayan ɗaya. Da tasa ta tsaya na nufi bayan motar, inda ake ɗaure kaya. Sai na ji an ce, "Ke, ina za ki? Ga ta nan."

Yaya ce a gidan gaba, tukunyar a kan cinyarta. Ta rame, zoben nan har yawo yake a yatsanta, amma idonta garau. Na dafa ƙofar motar ina ta alhamdulillahi, ita kuwa tana faɗa wai in karɓi kayana ta gaji da riƙo.

A gida na buɗe murfin na ga cikin ya yi wani shuɗi-shuɗi, ga ɗigon fari a ƙasa.

"Yaya, kin dafa da ita."

"To in zuba mata ido? Kununa a ciki ake dama mini."

Ta sa na jiƙa tsamiya, muka zuba ruwan muka goge da tsumma, shuɗin ya tafi. Ta hana ni kusantarta da yashi ko soson ƙarfe. In abinci ya kama, in jiƙa da ruwan ɗumi in bar shi ya saki da kansa. Gishiri sai ruwa ya tafasa, shi ke kawo ɗigon nan. Kafin a ɗora a murhun itace kuma a shafe bayan da kwaɓaɓɓiyar toka.

Ranar ban dafa na sayarwa ba. Dambu na yi mata da zogale, ta ci ta nemi ƙari. Ta yi mako biyu a wurina, kullum tana zaune a tabarma kusa da murhu tana gyara mini yadda nake hura wuta.