Ba Hannun Malam Ilu Ba Ne

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu suka kira ni suna tambaya ko fushi nake. Ba fushi ba ne, jinya na yi. Kuma akwai mutumin da jinyar tawa ta ɓata wa suna, saboda shi na zauna rubuta wannan.

Abin ya fara ne daga ƙafar hagu. Na dawo daga saro kaya a Legas, zaman mota ya yi yawa, sai sharaɓata ta kumbura tana zogi. Na shafa man zafi, na ci gaba da fita rumfata ta zare a Ƙofar Wambai.

Wata safiya ina alwala numfashi ya ƙi fita, kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji.

A asibiti aka sa mini oksijin, aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji. Kuɗin hoton kaɗai ya cinye ribar tafiyar. Likita ya ce, "Alhaji, jini ne ya daskare a ƙafarka, gudan ya taso ya toshe hanya a huhu. Da sauran kwananka."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Maiɗakina tana fita waje ta yi kukanta, ta dawo ta ce mura take yi.

Allura ce a fatar ciki safe da yamma, daga baya aka mayar da ni kan ƙwayar tsinka jini. Ranar sallama likita ya ce in kiyayi duk abin da zai yanke ni. Na tuna wuƙa, na tuna faɗuwa a babur. Askar Malam Ilu ko kusa ba ta zo mini a rai ba.

Malam Ilu shi ne wanzamin gidanmu a Kabara. Mahaifinsa ne ya yi mini askin suna. Shi kuma tun shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, shekarar da sanƙo ya fara cin gaban kaina, duk Juma'a sai ya zo ya kwashe ɗan abin da ya rage. Yakan ce, "Alhaji, aikin kanka kullum raguwa yake, amma kada ka sa ran ragi."

Juma'ar farko bayan na dawo ya zo da zabirarsa, muka zauna a ƙofar gida yadda muka saba. Akwai ɗan ƙurji a ƙeyata, aska ta taɓa shi. A da, auduga kawai zai danna a wuce wurin. Ranar nan kuwa, jini ya ƙi tsayawa. Ya jiƙa wuyan rigata, ya sauka kan tabarma, ga mutane suna wucewa masallaci suna kallo.

Aka sake komawa asibiti. Likita ya tsayar da jinin, ya yi mini faɗa sosai. "Ba aska, ba reza, ba ƙaho. Ka nemi injin aski naka na kanka."

Ni na warke. Malam Ilu ne bai warke ba.

Magana ta zaga unguwa cewa hannunsa ya fara rawa, tsufa ya kama shi. Maiɗakina ta faɗa mini an yi suna a lungunmu, wani wanzamin aka ɗauko daga Shahuci. Malam Ilu kuma ya daina bi ta ƙofar gidanmu. Wannan ya fi allurar ciki yi mini ciwo.

Da na samu ƙarfi na je na same shi a zaurensa. Bai yarda mun haɗa ido ba.

"Malam, tashi ka raka ni kasuwa."

"Alhaji, na zubar maka da jini a gaban jama'a. Me kuma zan yi maka?"

Na ciro ƙwayar daga aljihu na ajiye a tafinsa. Na ce, "Wannan ce ta zubar, ba kai ba." Ya daɗe yana kallonta.

Tare muka zaɓi injin. Kilifa muka fara ƙi, domin haƙoranta a waje suke, tana iya kartar fata. Akwai mai raga a miƙe, amma kai ba shimfiɗaɗɗe ba ne, nawa ma har da kwari a tsakiya. Muka tsaya kan mai kawuna zagaye, waɗanda ke lanƙwasa suna bin ƙoƙon kai, wuƙaƙensa a rufe. Malam Ilu ya gwada a hannunsa, ya yatsina fuska. "Wannan ai ba aski ba ne, shafa ce."

Ga masu sanƙo irina da ke shan wannan magani: ku sayi mai caji saboda wutarmu, mai buɗewa a wanke, kuma kada ku ara wa kowa. Kada ku bari gashi ya yi tsawo, injin yana fizga. In akwai ƙurji a kewaye shi. Ku faɗa wa wanzaminku maganin da kuke sha kafin ya buɗe zabira. Ƙafa ɗaya kuma in ta kumbura bayan doguwar tafiya, ba ta man zafi ba ce, ku tafi asibiti.

Na gode wa Allah da ya bar ni. Na gode wa likitoci, da maiɗakina mai mura, da ku da kuka yi ta addu'a.

Juma'ar da ta wuce na sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, daidai lokacin da mutane ke wucewa. Malam Ilu ya riƙe injin yana ƙugi, ya bi kaina a hankali har ƙeya. Duk wanda ya tsaya gaisuwa sai na tsare shi da hira, don ya ga hannun da kyau.

Mutanen Kabara, hannun nan ba ya rawa. Jinina ne ba ya tsayawa. Wanda aka yi wa haihuwa ya aika a kira Malam Ilu.

Da ya gama ya shafa sanƙon da tafinsa, ya ce, "Bai kai askata ba."

Na ce, "Bai kai ba, Malam. Sai Juma'a."